BLO: Tarihin makaɗa uku da suka ɗora kiɗan rok a kan gangar Legas

BLO rukuni ne na makaɗa uku da aka kafa a Legas a shekarar 1972, kuma yana cikin na farko a Najeriya da suka haɗa kiɗan rok na Turai da salon gangunan gida. An samo sunan ne daga harufan farko na sunayen mambobinsa: Berkely Jones mai kaɗa jita, Laolu Akins mai ganguna, da Mike Odumosu mai jitar bes, wato mai kaurin amo.

A ƙarshen shekarun 1960 wani reshe na rok ya tsiro a Ingila, wanda makaɗa irin su Pink Floyd da King Crimson da Yes suka yi fice a kansa. Alamarsa ita ce tsawaita kiɗa, da sauya taki a tsakiyar waƙa, da bai wa kayan kiɗa fili su yi magana fiye da muryar mawaƙi. A makaɗan Legas na wancan zamani, BLO na cikin waɗanda suka fi kusantar wannan salo.

Asalin rukunin

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya rage wa kiɗan hailaif ƙarfi a Legas, domin da yawa daga cikin makaɗansa sun koma gabashin ƙasar. Matasan birnin sai suka karkata ga faya-fayan Amurka da Ingila, suka riƙa kafa ƙananan rukunai suna kwaikwayonsu. A cikin ɗaya daga cikinsu, The Clusters, waɗannan samari suka fara gogewa.

Ƙofa ta buɗe musu da zuwan Ginger Baker, makaɗin gangunan rukunin Cream na Ingila, wanda ya ratsa hamadar Sahara da mota a 1971 ya sauka Legas. Baker ya yi aiki da Fela Kuti, wanda gidansa ke kan titin Agege Motor Road, ya kuma kafa ɗakin ɗaukar sauti mai suna ARC a Ikeja, maƙwabciyar Agege. Ya ɗauki Jones da Akins cikin rukuninsa mai suna Salt, suka yi rangadin Turai da Amurka. Da suka dawo gida a 1972 ne suka haɗu da Odumosu suka tsaya da ƙafarsu.

Faifan farko da abin da ya biyo baya

A 1973 kamfanin EMI ya fitar da faifansu na farko, Chapter One. A cikinsa jitar Jones ce ke jan ragama da amo mai kaifi, gangunan Akins kuwa na tafiya bisa takin gargajiyar Yarabawa. Waƙar Chant to Mother Earth ita ce aka fi tunawa da ita a faifan.

Sai dai kasuwa ba ta karɓe shi yadda kamfanin ya yi tsammani ba. Masu sayen faifai a Legas sun fi son abin da za su taka rawa da shi, ga kuma Fela da Sunny Ade da Ebenezer Obey sun riƙe fagen. A shekarar nan ce ma Ofege, ɗaliban kwalejin St. Gregory da ke Obalende, suka yi kasuwa da faifansu Try and Love mai sauƙin shiga kunne, wanda Jones ya taimaka musu da jita a cikinsa.

Daga nan BLO suka koma tambarin Afrodisia na kamfanin Decca, suka fitar da Phase II da Step Three da Phase IV a tsakiyar shekarun 1970. Kowane faifai ya ƙara nisa da rok, ya ƙara kusantar kiɗan rawa irin na baƙaƙen fatar Amurka, har daga bisani suka shiga disko. Odumosu ya bar su ya shiga Osibisa a Landan, Biddy Wright ya maye gurbinsa, Lemmy Jackson kuma ya shigo da fiyanon lantarki. Rukunin ya watse a 1982.

Gadon da suka bari

Tasirin BLO ya fi bayyana bayan watsewarsu. Jackson ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsara sauti na shekarun 1980, ya yi aiki da Christy Essien-Igbokwe da Onyeka Onwenu. Akins kuwa shi ya tsara faifan Ace na Shina Peters a 1989, wanda ya cika gidajen biki da tashoshin mota na Legas, sannan ya tsara Bubble na Adewale Ayuba. Mutane da dama a Agege da Idi-Araba da Obalende sun ji aikin hannunsa ba tare da sun taɓa jin sunan BLO ba.

Faya-fayan rukunin sun yi wuyar samu a gida, sai kamfanonin Ingila ne suka sake fito da su. An tattara zaɓaɓɓun waƙoƙinsu a kundin Phases 1972–1982, kamfanin Soundway ya sa su a Nigeria Rock Special a 2008, Mr Bongo kuma ya sake buga Chapter One a 2013. Yau mai neman faifan asali da aka buga a Legas ya fi samun sa a hannun masu tara faya-fayai na Turai da Japan, da tsada.