Ƙananan Gidajen San Faransisko

San Faransisko babban birni ne a yammacin Amurka, cikin jihar Kaliforniya. Yana zaune bisa wani tsinin ƙasa, ruwa ya kewaye shi ta gefe uku, saboda haka ba shi da wurin miƙe ƙafa kamar sauran birane. Tun da can fili yana da tsada a cikinsa, talakawansa kuwa galibi 'yan haya ne. A farkon shekarar 1906 mutanen birnin sun kai wajen 400,000.

Ran Laraba, 18 ga watan Afrilu 1906, da asuba, mutane suna barci, sai ƙasa ta girgiza. Gidaje suka rushe, murhuna suka kife, wuta ta tashi a wurare da yawa. Da masu kashe gobara suka zo, suka tarar bututan ruwa na ƙarƙashin ƙasa sun farfashe, babu abin da za su zuba. Wuta ta yi kwana uku tana ci. Da ta lafa, aka ga gine-gine wajen 28,000 sun halaka, mutum fiye da 3,000 sun mutu, fiye da rabin mutanen birnin kuma ba su da wurin kwana.

Masu hali suka ƙetare ruwa suka tafi garuruwan da ke kusa. Waɗanda ba su da inda za su nufa suka taru a filayen shan iska na birnin, watau wuraren da hukuma ta keɓe da ciyawa da itatuwa domin hutawar jama'a. Soja suka kafa musu tantuna, suka riƙa raba abinci. To, a wannan ƙasa ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, wajen ƙarshen shekara. Shugabannin aikin agaji suka duba suka ga tanti ba zai riƙe mata da yara da tsofaffi a lokacin ba. Gina manyan gidaje kuwa sai an shekara ana yi, ga shi babu filin da za a saya da arha. Daga nan suka yanke shawara a gina ƙananan gidaje na katako cikin filayen shan iskar nan, tun da su kaɗai ne sararin da ya rage.

Kafintoci suka shiga aiki cikin watan Satumba 1906. Kafin watan Maris 1907 ya ƙare sun gina gida 5,610. Mafi ƙanƙanta faɗinsa ƙafa 10 ne, tsawonsa ƙafa 14. Wani kuma ƙafa 14 da ƙafa 18. Aka yi bangonsu da wani jan katako na ƙasar, wanda ba ya saurin ruɓewa, gara kuma ba ta cika cinsa ba. Aka shafe su da koren fenti domin su saje da ciyawa. Aka jera su sahu sahu, kusa da juna, wurin wanka da bayan gida na tarayya ne. A lokacin da suka fi cika, mutum fiye da 16,000 ke zaune cikinsu.

Abin da ya fi ba da sha'awa a wannan shiri shi ne yadda aka tsara biya. Mai zama cikin gida yakan ba da dala 2 kowane wata, ana lissafa masa ita cikin kuɗin gidan, wanda aka yanke dala 50. Amma akwai sharaɗi guda: ƙasar ta jama'a ce, gidan ne kaɗai nasa. Idan lokacin tashi ya yi, sai ya nemi fili, ko na saye ko na haya, ya ɗauke gidansa ya kai can.

Lokacin tashi bai daɗe ba ya zo. Masu gidajen da ke kewaye da filayen suka yi ta kuka, suna so a mayar musu da wurin hutawarsu, hukumar filayen ma haka. Cikin 1907 aka fara kwashewa. Akan ɗaga gida ɗungum a aza bisa babban amalanke, dawaki su ja shi cikin titi, wani lokaci da kayan ɗaki a ciki. Kafin tsakiyar 1908 an rufe zango na ƙarshe, an kuwa ɗauke fiye da gida 5,000 ta wannan hanya.

Ina aka kai su? Aka kai su wuraren da masu kuɗi suka raina: gangaren tuddai, da yashin da ke wajen bakin teku, da 'yan guntayen filaye tsakanin gida da gida, da bayan gidajen waɗansu. Ƙanƙantar gidan ita ta sa ya shiga inda babba ba zai shiga ba. Mai iyali da yawa yakan sami biyu ko uku ya haɗa su, ya huda ƙofa tsakani, su zama gida guda. In ya sami sukuni daga baya sai ya ƙara ɗakin girki, ya jawo ruwan famfo. Ta haka leburori da masu wanki da gwauraye mata da yawa, waɗanda ba su taɓa mallakar rufi ba, suka zama masu gida. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Shekaru suka shuɗe, birni ya ginu, aka rushe mafi yawansu aka yi manya a gurbinsu. Waɗansu kuma aka lulluɓe su da sabon bango har masu zama ciki ba su san asalinsu ba. Wajen 1982 wata mace, Jane Cryan, ta gane cewa gidan da take haya daga cikin irin waɗannan aka haɗa shi. Ta tashi tsaye ta hana a rushe shi, cikin 1984 hukumar birni ta sa shi cikin kayan tarihi. Kaɗan ne suka rage yanzu, an kuma ajiye biyu a tsohon barikin soja na Presidio domin masu zuwa kallo.

Ƙuncin wurin zama bai rabu da birnin ba. Kuɗin haya ya yi tsada har ma'aikata da yawa ba sa iya zama kusa da wurin aikinsu. Saboda haka cikin 2016 majalisar jihar Kaliforniya ta yi doka wadda ta sauƙaƙa wa mai gida gina ƙaramin gida a bayan nasa, ko mayar da ɗakin ajiye mota wurin zama, cikin 2019 kuma ta ƙara sassautawa. Hujjar masu shirin ita ce ƙaramin gida ba ya cin katako da yawa, ɗumama shi ba wuya, ga hanya da ruwa da wutar lantarki an riga an kai unguwar.

Gidajen 1906 an gina su ne domin su fitar da mutane daga sanyin shekara guda, ga shi waɗansu sun haura shekara ɗari ana kwana cikinsu. Abu uku ne suka tsayar da su: katako mai kyau, da kuɗin da talaka zai iya biya, da ɗan filin da aka bar shi ya aza gidansa a kai.