Jinkirin Karramawa a Tarihin Kiɗan Rok: Nazarin Makaɗan da Zauren Cleveland Ya Bari a Bakin Ƙofa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda cibiyar Rock and Roll Hall of Fame da ke birnin Cleveland na Amurka take zaɓen makaɗan da take karramawa. An bi sawun wasu da aka daɗe ba a waiwaye su ba, da wasu da har zaɓen 2025 ba a kira sunansu ba. An dogara da jerin sunayen da cibiyar ta fitar tun 1986, da tarihin makaɗan, da ayyukan masana. Maƙalar ta gano cewa waɗanda suka ƙirƙiro sautin rok da hannunsu, musamman mata baƙar fata da makaɗan bayan fage, sukan shiga ne a makare, ta ƙananan rukunoni, galibi bayan sun kwanta dama. Ta kuma nuna cewa ma'aunin da ya jinkirta su shi ne yake barin makaɗan jitar Sahara a waje.

1.0 Gabatarwa

An kafa gidauniyar wannan zaure a 1983 a ƙarƙashin jagorancin Ahmet Ertegun, shugaban kamfanin faifai na Atlantic, tare da wasu jiga-jigan harkar, ciki har da Jann Wenner na mujallar Rolling Stone. An yi bikin farko a New York a 1986, sannan aka buɗe gidan tarihin a gaɓar tafkin Erie a 1995. Ƙa'idar shiga a rubuce mai sauƙi ce: makaɗi yakan cancanta bayan shekara 25 da fitowar faifansa na farko. Wani ƙaramin kwamiti ne ke tsara sunayen 'yan takara, a aika wa masu zaɓe sama da 1,000, waɗanda suka haɗa da makaɗan da aka riga aka karrama da 'yan jarida da masana tarihi da ma'aikatan kamfanonin faifai. An ƙara ƙuri'ar jama'a ta intanet a 2012, amma nauyinta kaɗan ne. Ƙungiyar Dave Matthews Band ta lashe ta a 2020 ba a shigar da ita ba sai 2024, haka Phish ta lashe ta a 2025 aka bar ta a waje.

Wani zai ce lambar yabo ba ta ƙara wa kiɗa daɗi, don haka me ya kawo bincike a kanta. Amsar ita ce zauren yana da gidan tarihi da ɗakin adana takardu da shirin koyar da 'yan makaranta. Sunan da ya shiga shi ake koya wa yara, shi kamfanoni ke sake buga faifansa, magadansa kuma su ga amfanin gumin mahaifinsu. Wanda aka tsallake yakan ɓace daga labarin da ake bai wa na baya.

2.0 Ra'i da Ayyukan Magabata

An ɗora nazarin a kan ra'in Pierre Bourdieu game da yadda cibiyoyi ke keɓe wasu ayyukan fasaha su ɗaukaka su a kan saura. Vaughn Schmutz (2005) ya gwada wannan ra'i a kan jerin fitattun kundayen waƙa na Rolling Stone, daga baya shi da Alison Faupel (2010) suka nuna cewa irin wannan ɗaukakawa ta fi wa mata wuyar samu. Jack Hamilton (2016) ya bayyana yadda kiɗan da baƙar fata da farar fata suka yi tarayya a kansa ya koma ana ɗaukarsa na Turawa zalla kafin ƙarshen shekarun 1960. Gayle Wald (2007) ta rubuta tarihin Rosetta Tharpe, Maureen Mahon (2020) kuma ta bi diddigin rawar da mata baƙar fata suka taka. Abin da wannan maƙala ta ƙara shi ne auna tsawon jira da kuma duba ƙofar da aka shigo da mutum ta cikinta, domin zauren yana da babban rukuni na mawaƙa da makaɗa, da ƙananan rukunoni na masu tasiri da na gwanaye, waɗanda kwamiti ke naɗawa ba tare da ƙuri'a ba.

Adalci ne a faɗi cewa zauren bai fara da wariyar launi ba. Cikin goman farko na 1986, shida baƙar fata ne: Chuck Berry da James Brown da Ray Charles da Sam Cooke da Fats Domino da Little Richard. Sai dai babu mace ko ɗaya, sai 1987 Aretha Franklin ta shiga. Evelyn McDonnell ta ƙirga a 2019 ta tarar mata ba su kai kashi 8 cikin 100 na waɗanda aka karrama ba. A 2023 kuma aka cire Wenner daga hukumar gudanarwa bayan wata hira da jaridar New York Times, inda ya nuna cewa a ganinsa mawaƙa mata da baƙar fata ba su kai zurfin magana irin na Turawa maza bakwai da ya saka a littafinsa ba. Mutumin da ke da wannan tunani ya daɗe yana shugabantar gidauniyar.

3.0 Waɗanda Suka Shiga a Makare

Rosetta Tharpe ita ce hujja mafi ƙarfi. An haife ta a Cotton Plant ta jihar Arkansas a 1915, ta taso cikin waƙoƙin coci, ta fara buga faifai da kamfanin Decca a 1938. Waƙarta mai suna "Strange Things Happening Every Day", wadda aka naɗa a 1944, ta kai mataki na biyu a jadawalin Billboard na waƙoƙin baƙar fata a 1945, shekara tara kafin Elvis Presley ya fitar da faifansa na farko. Tana kaɗa jitar lantarki da ƙarfi, tana lanƙwasa tsirkiya, tana juyi a dandali, wato duk abin da daga baya aka mayar alamar namijin makaɗin rok. A 1951 mutane sama da 20,000 suka biya kuɗi don halartar ɗaurin aurenta da wasan da ya biyo baya a filin Griffith na birnin Washington. A 1964 ta yi wasa cikin ruwan sama a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchester, aka nuna a talabijin, a daidai lokacin da samarin Ingila ke koyon wannan kiɗa. Ta rasu a Philadelphia a 1973, kabarinta ya yi sama da shekara 30 babu ko alama. Johnny Cash ya ambace ta cikin waɗanda ya taso yana sauraro a jawabinsa na shiga zauren a 1992, amma sai 2018 aka karrama ta, a rukunin masu tasiri. Ta cancanta tun ranar farko, ta jira shekara 32.

Na Big Mama Thornton ya fi ciwo. Ita ta fara rera "Hound Dog", aka naɗa a 1952, ta yi mako bakwai a saman jadawalin waƙoƙin baƙar fata a 1953. Ta sha faɗa cewa dala 500 kawai ta samu. Elvis ya maimaita waƙar a 1956 ya shiga zauren a 1986. Jerry Leiber da Mike Stoller da suka rubuta ta suka shiga a 1987. Janis Joplin, wadda ta yi suna a bikin Monterey na 1967 da "Ball and Chain", waƙar da Thornton ta tsara da kanta, ta shiga a 1995. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita Thornton sai 2024, shekara 40 bayan rasuwarta.

Link Wray, wanda ke da jinin ƙabilar Shawnee ta 'yan asalin Amurka, ya huda lasifikarsa don jita ta yi gurnani, ya fitar da "Rumble" a 1958. Kiɗa ne zalla babu baiti, duk da haka wasu gidajen rediyo suka hana sa shi don tsoron zai tunzura matasa. Daga wannan gurnani ne rok mai nauyi ya samo muryarsa. Ya rasu a Copenhagen a 2005, bayan haka sau biyu ana tsayar da shi takara yana faɗuwa, aka naɗa shi a 2023. Jimmy Page ne ya kaɗa masa "Rumble" a bikin.

Ba a shigar da ko ɗaya cikin ukun ta babban rukuni ba. Wannan rarrabewa tana da ma'ana, domin kiran mutum mai tasiri yana ajiye shi a matsayin share fage, kamar ainihin kiɗan bai fara ba sai da wasu suka iso. Faifan Tharpe na 1944 kuwa yana da bugu da salon jitar da ake nema a rok, cikakku.

Makaɗan bayan fage sun gamu da irin wannan. Mai sauraron Hausa ya san lamarin, don sunan mawaƙi ake riƙewa, ba kasafai ake tambayar wa ke riƙe da kalangu a bayansa ba. Sai 2000 zauren ya buɗe musu rukuni, sai 2012 ya shigar da ƙungiyoyi shida, irin su Crickets da Comets da Famous Flames, waɗanda aka karrama shugabanninsu tun da daɗewa aka bar su. Carol Kaye, wadda jitarta mai kaurin murya ke cikin ɗimbin faifan da aka naɗa a Los Angeles, an tuna da ita a 2025 tana da shekara 90, ta kuwa ce ba za ta halarci bikin ba.

4.0 Waɗanda Ke Waje

Ƙungiyar Fanny ta June da Jean Millington, 'yan'uwa mata da aka haifa a Manila suka koma California a 1961, tana cikin ƙungiyoyin mata zalla na farko da suka fitar da cikakken kundi da babban kamfani, wato Reprise, a 1970. Sun naɗa kundinsu na uku a ɗakin Apple na Beatles a Landan, waƙoƙinsu biyu sun shiga sahun 40 na farko a Amurka, David Bowie kuma ya yabe su a Rolling Stone a 1999 yana kukan an binne sunansu. Har 2025 ba su shiga ba, alhali Go-Go's da suka biyo sawunsu sun shiga a 2021. Bad Brains, baƙar fata daga Washington da suka aza harsashin rok mai tsananin sauri, sau ɗaya aka tsayar da su, a zaɓen 2017. Ƙorafin ware baƙar fata daga rok ne ya sa Vernon Reid da Greg Tate da abokansu suka kafa Black Rock Coalition tun 1985.

Da aka ƙetare teku sai giɓin ya ƙara faɗi. Bob Marley ya shiga a 1994, Jimmy Cliff a 2010, amma har 2025 babu ƙungiyar da aka kafa a Afirka, mai waƙa da harshen Afirka, da ta shiga. Fela Kuti ya zo na biyu a ƙuri'ar jama'a a 2021, bayan Tina Turner, bai samu shiga a shekarar ba, haka ma a 2022. Ƙungiyoyin rok na Legas na shekarun 1970 irin su BLO da Ofege, da WITCH ta Zambiya, ko zancensu ba a yi.

Jitar Buzaye ta fi kusa da mu. Tinariwen, wadda Ibrahim Ag Alhabib ya assasa a Tamanrasset a ƙarshen shekarun 1970, ta ci lambar Grammy a 2012 da kundin Tassili. Bombino na Agadas ya fitar da Nomad a 2013 tare da Dan Auerbach na Black Keys, aka kuma tsayar da kundinsa Deran takarar Grammy a 2019. Dukansu a rukunin kiɗan duniya aka ajiye su, rukunin da ya tara kowane irin kiɗa muddin ba daga Amurka ko Ingila ya fito ba. Mdou Moctar ya naɗa kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008 da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya a faɗin Sahel. Irin wannan yaɗuwa ba ta barin lissafin ciniki, ba ta shiga jadawalin Billboard. Kundinsa Afrique Victime na 2021 ya fito ne daga Matador, kamfanin rok na New York. Jitar lantarki ce da ganguna da waƙar bijire wa zalunci, ban ga abin da ya rage masa na rok ba in ban da Turanci.

5.0 Ma'auni da Gyara

Zauren yana cewa tasiri da ƙirƙira yake dubawa. Misalan nan sun nuna cewa abin da ya fi aiki shi ne shaharar suna a rediyon Amurka da kuma abin da mujallun shekarun 1970 suka rubuta, ga kuma buƙatar bikin talabijin da ke son fuskokin da za su jawo masu kallo. Ana iya cewa guraben kowace shekara kaɗan ne, dole wani ya jira. Gaskiya ne, sai dai jiran yana faɗawa kan irin mutane ɗaya a kai a kai, abin da ke nuna matsalar tana cikin ma'aunin.

Sauyin da aka gani bayan John Sykes ya karɓi shugabanci a 2020 ya tabbatar da cewa kwamiti na iya gyara in ya so, tunda a wannan zamani ne Wray da Thornton da Kaye suka shiga. Abin da ya rage shi ne a riƙa bayyana sunayen 'yan kwamiti da yawan ƙuri'un kowane ɗan takara, a saka masana kiɗan Afirka da Asiya da Kudancin Amurka a cikinsa, a kuma ba da fifiko ga waɗanda ke raye. 'Yan'uwan Millington sun haura shekara 70. Kundin Tinariwen na farko da ya shiga kasuwar duniya, The Radio Tisdas Sessions, ya fito a 2001, don haka ko da shi aka fara ƙirga, ƙa'idar shekara 25 ta cika a 2026. Kwamitin ba shi da sauran uzurin ƙa'ida a kansu, ya kamata ya tsayar da su takara a babban rukuni.