Shakka da harshe: Michel de Montaigne a Faransa ta ƙarni na 16

Ɗalibanmu da suka biyo ta lise sun san shakka ta hanyar Descartes da littafinsa na 1637, wato shakkar da mutum ke yi na ɗan lokaci domin ya kai ga tabbas. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa kusan shekara 60 kafin nan akwai wani Bafaranshe da ya zauna cikin shakka bai nemi ƙofar fita ba. Wannan mutum shi ne Michel de Montaigne (1533-1592). A cikin wannan ƙasida muna so mu nuna cewa shakkarsa, kafin ta zama falsafa, wata hanya ce ta yin magana, kuma amfaninta ya fi bayyana a inda ran mutum yake hannun alƙali.

A shekarar 1562 aka fara yaƙin addini tsakanin Katolika da Furotesta a Faransa, yaƙin da bai lafa ba sai 1598. A wannan shekara ta 1562 ce kuma Henri Estienne ya buga fassarar Latin ta littafin Sextus Empiricus, wani likita Bagirke da ya tattara hujjojin masu dakatar da hukunci na zamanin da. Montaigne ya yi aikin shari'a a majalisar birnin Bordo, ya ajiye aikin, ya koma gidan gadonsa a 1571, ya karanta Sextus, ya shiga rubuta littafinsa mai suna Essais. Kashi biyu na farko sun fito a 1580, na uku a 1588.

Game da ilimin sararin sama, ya san ra'ayin Copernic na 1543 cewa ƙasa ce ke zagaya rana. Bai ƙaryata shi ba, bai kuma rungume shi ba: a ganinsa, tunda wannan ra'ayi ya ture na da, wani na uku yana iya zuwa ya ture su duka biyu. Hujjarsa ita ce Ptolémée, wanda aka ɗauka ya gama zana iyakokin duniya, sai ga jiragen ruwa sun tarar da wata nahiya sukutum da ba ta cikin taswirarsa. Da Fafaroma Grégoire na 13 ya gyara kalanda, aka tsallake kwana 10 a Faransa cikin watan Disamba na 1582, Montaigne ya lura cewa maƙwabtansa manoma sun ci gaba da shuka da girbi a lokacin da suka saba. Ya kuma tuna wa Turawa masu alfahari da igwa da ɗab'in littattafai cewa mutanen Sin sun riga su. Amma shakka ba ta hana kuskure: ya raina ƙaramar bindigar hannu, yana ganin ban da ƙara ba ta da wani tasiri, har yana fatan a bar amfani da ita. Tarihi bai bi shi a nan ba.

A cikin gida ma haka yake. Ciwon tsakuwar ƙoda da ya wahalar da mahaifinsa har ya rasu a 1568 ya kama shi shi ma wajen 1578. Bai yarda da likitocin zamaninsa ba, don kowane da irin bayaninsa, amma wannan bai hana shi bin wuraren wanka na ruwan magani a Faransa da Suwis da Italiya a 1580 da 1581 ba, yana rubuta abin da ya sha da girman tsakuwar da ya fitar. Tambayar da ta dame shi ita ce yadda ya gaji ciwon da bai bayyana ga mahaifinsa ba sai fiye da shekara 25 bayan haihuwarsa. Ya bar ta a buɗe. Ƴaƴa mata shida ya haifa, ɗaya ce kawai ta rayu, Léonor, kuma ya ce ba a taɓa ladabtar da ita da bulala ba.

Mai karatu na iya tsammanin irin wannan mutum zai bar addini. Bai bari ba. Ya lura cewa mutum yana samun addininsa ne kamar yadda yake samun ƙasarsa, ta wurin haihuwa, abin da Imamu Gazali (ya rasu a 1111) ya riga ya lura da shi a cikin al-Munƙiz. Sai dai Montaigne ya ɗauki wannan a matsayin dalilin zama inda aka haife shi: tunda hankali ba ya iya yanke hukunci tsakanin ɓangarorin da ke kashe juna, gara bin al'adar da aka tarar. A ganinmu nan ne raunin matsayinsa yake, domin irin wannan hujja tana iya kare kowace al'ada, mai kyau da maras kyau. A Rum, a 1581, masu tace littattafai sun duba Essais suka yi ƴan gyare-gyare marasa nauyi. Sai a 1676 aka sa shi cikin jerin littattafan da aka haramta.

Yanzu mu zo ga harshe, wanda shi ne fagenmu. Montaigne ya tashi da Latin a matsayin harshen farko, domin mahaifinsa ya ɗauko masa malami Bajamushe da bai jin Faransanci, aka kuma hana kowa a gidan yi masa magana da wani harshe har ya kai shekara shida. Wataƙila wannan ne ya sa ya ga abin da wasu ba su gani ba: cewa masu shakka ba su da harshen da ya dace da su, tunda jimlolinmu an gina su ne don tabbatarwa. Wanda ya ce yana shakka ya riga ya tabbatar da abu ɗaya. Mafitarsa ita ce juya magana ta zama tambaya, da yawaita ƙananan kalmomin da ke sassauta ta, irin waɗanda mu za mu fassara da ƙila, an ce, ina jin, kusan.

Hausa tana da abin da ya fi waɗannan kaifi, wato wai. Idan muka ce «wai ta kama kurwar yaron», mun isar da labari ba tare da mun ɗauki nauyinsa ba. Abin lura shi ne wai ɗin nan yakan faɗi a hanya: mutum na farko ya sa shi, na uku ya manta da shi, na biyar ya rantse. Montaigne ya bayyana wannan tafiya daidai a babinsa na guragu, cikin kashi na uku: labari yana ƙaruwa daga hannu zuwa hannu, kowa yana toshe ɓarakar da ya gani a cikinsa, har wanda ya fi nisa da abin ya fi wanda ya gani tabbas. Kuma mutane sukan yi gaggawar neman dalilin abu kafin su bincika ko abin ya faru.

Misalai biyu ya kawo daga kotu. Na farko shari'ar Martin Guerre ce a Tuluz, a 1560: wani Arnaud du Tilh ya zo ƙauyen Artigat ya ce shi ne Martin da ya ɓace, ya zauna da matarsa wajen shekara uku, sai ga Martin na ainihi ya dawo da ƙafar katako ana tsakiyar shari'a. An rataye Arnaud. Montaigne ya ga cewa alƙali Jean de Coras ya yi ƙarfin hali da yawa, tunda shi kansa ya bayyana al'amarin a matsayin abin da ya wuce fahimta. Ya so a ce kotu tana da wani irin hukunci da za ta furta cewa ba ta gane ba.

Na biyu maita ce. A 1580 masanin shari'a Jean Bodin ya buga littafi yana neman a tsananta wa mayu, yana kuma zargin masu shakkar lamarin. Montaigne ya ba da labarin wani basarake da ya nuna masa fursunoni goma ko goma sha biyu da ake tuhuma da maita, har da wata tsohuwa da ta yi suna a kai. Ya yi musu tambayoyi, ya ji ikirarinsu, ya ce shi da maganin taɓin hankali zai ba su maimakon hukuncin kisa. Bai musanta abin da littafin addininsa ya faɗa game da sihiri ba. Abin da ya ƙi shi ne a ɗauki wannan a ɗora kan wata tsohuwa ta ƙauye bisa shaidar mutane, har a ƙone ta da rai saboda zato. Ba a saurare shi nan da nan ba. A 1634 an ƙone limamin Kirista Urbain Grandier a garin Loudun bisa tuhumar sihiri, kuma sai a 1682, shekara 90 bayan rasuwar Montaigne, dokar Louis na 14 ta mayar da yawancin irin waɗannan ƙararraki batun damfara da sa guba.