Asalin Dutsen Wuta da Dutsen Yashi

Wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari zai riƙa hango manyan duwatsu sun yi sanƙo a tsakiyar daji, kamar Goron Dutse da ke cikin gandun Kamuku. Mutane da yawa sun ɗauka dutse duk dutse ne. Ba haka ba ne. Cikin ikon Allah, wani wuta ce ta haife shi, wani kuwa ruwa ne ya tara shi.

A can ƙarƙashin ƙasa akwai zafin da ke narkar da dutse. In narkakken dutsen ya sami kafa, sai ya ɓullo waje yana malala, zafinsa ya haura digiri 1,000. Da ya sha iska sai ya daskare nan da nan. Wannan shi ne dutsen aman wuta, wanda masana ke kiran mafi yawansa basal. Irinsa ne ya cika ƙasar Biu, da wajen Panyam da Kerang a Jihar Filato. Ɗauki guda ka duba: baƙi ne wuluk, ga nauyi, ƙwayoyinsa sun yi ƙanƙanta har ido ba ya rarrabe su, don bai sami lokacin da za su girma ba. Sau da yawa za ka ga 'yan ramuka a jikinsa, wato gurbin iskar da ta fita sa'ad da yake tafasa.

In kuwa narkakken dutsen bai sami mafita ba, sai ya huce a hankali a cikin ƙasa, shekaru dubbai, ƙwayoyinsa su yi manya. Mafi shahara a irin wannan shi ne giranit, dutsen da ake fasawa a yi kwalta da kankare. Manyan duwatsun Birnin Gwari irinsa ne, sun daskare kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, daga baya ruwa da iska suka kwashe ƙasar da ta rufe su. Fasa shi za ka ga abu uku: farar ƙwaya mai tauri da sheƙi, da baƙaƙen ɓawo masu ƙyalli, da wata ƙwaya ja-ja mai kusurwa wadda ake kira felsfa.

To, daga nan ne dutsen yashi ya samo asali. Rana ta gasa giranit, sanyin dare ya tsattsaga shi, damina ta marmashe shi, koguna irin su Mariga su kwashi marmashin su gangara da shi kwari. Yashi ya hau kan yashi, nauyi ya danne na ƙasa, ruwa ya liƙe shi da laka da tsatsar ƙarfe, har ya koma dutse. Shi ya sa yake da hawa-hawa, in ka murza shi da yatsa sai ka ji kaushi, har tsaba ta zubo.

Felsfa ba ta da juriya. In ta daɗe tana shan ruwa sai ta ruɓe ta zama yumɓu, irin wanda mata ke gina tukwane da shi. Saboda haka yashin da ya yi doguwar tafiya yakan isa ba ita, sai farar ƙwaya zalla. Amma in ka tarar da dutsen yashi ja-ja, wanda felsfa ta kai rubu'insa ko ta fi, to ya ba ka labarin kansa: iyayensa na kusa, kuma an binne shi da sauri kafin ruwa ya ci shi. Sunansa akos. Akwai shi a cikin dutsen yashin ƙasar Bida, kudu da Birnin Gwari, wanda ya taru wajen shekara miliyan 70 zuwa 80 da suka shige daga marmashin tsofaffin duwatsun kewaye. Uluru, sanannen jan dutsen Ostireliya, shi ma akos ne. A ganina wannan ya fi komai ban mamaki, a ce ƙwayar da ba ta kai ta dawa ba tana faɗin nisan tafiyarta.

Ita ƙasar Birnin Gwari ta haɗa zuriyar biyu. Tun kafin giranit ya kutso, laka da yashi da tsakuwa sun kwanta a nan, da aman wuta a tsakaninsu. Da ƙasa ta motsa sai ta matse su, ta gasa su, suka zama dutse mai ɓarewa falle-falle, wanda ya miƙe har Zungeru. Ta tsagogin irin waɗannan duwatsu ruwan zafi ya bi ya ajiye farin dutse mai zinariya, wadda aka haƙa a Tsohon Birnin Gwari tun zamanin Turawa, kuma har yau ake shiga daji dominta, duk da irin wahalar da dajin ya sha a hannun 'yan bindiga.

Don haka, ɗan makaranta, in ka tsinci dutse kada ka tsaya ga launinsa. Fasa shi ka dubi cikinsa. In ƙwayoyin sun sarƙe da juna ba rata, wuta ce ta yi shi. In an liƙa su ne ɗaya-ɗaya, suna zubowa in an murza, aikin ruwa ne.