Daga Majigi Zuwa Shaihu Umar: Finafinan da Suka Zauna Mini a Rai

Idan aka tambayi mutum fim ɗin da ya fi so, sau da yawa amsarsa takan bayyana inda ya tashi da irin abin da ya saba gani, fiye da yadda take bayyana kyan fim ɗin. Saboda haka kafin in ambaci nawa zaɓin, ya kamata mai karatu ya san hanyar da hoto mai motsi ya biyo har ya iso garuruwa irin su Jega da Aliero da Maiyama.

Gidan silima abin manyan birane ne. A Kano an buɗe Rex a 1937, kuma mutanen gari ba su karɓi abin hannu biyu ba, balle bayan gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka 331. Mutanen karkara kuwa majigi suka fara sani. Turawa sun kafa hukumar shirya finafinan mulkin mallaka a 1939, a ƙarƙashin William Sellers, wani jami'in tsafta da ya yi aiki a Legas. Mota ce takan zo da injin wuta da farin ƙyalle, a yi shela da rana, bayan sallar isha'i a taru a ƙofar fada ko filin makaranta. Abin da ake nunawa wa'azin hukuma ne: tsaftar rijiya, rigakafi, biyan haraji, da noman zamani kamar a fim ɗin Baban Larai. Kallo kyauta ne, amma labarin ba na mai kallo ba ne, gwamnati ce ke magana shi yana saurare.

A shekarun 1950 ne 'yan kasuwa Kwarori, watau mutanen Labanan, waɗanda ke riƙe da gidajen silima, suka fara shigo da finafinan Indiya. Abin ya karɓu ƙwarai, har 'yan kallo suka raɗa wa 'yan wasan sunayen Hausa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Rishi Kapoor kuma aka ce masa Mace. Da bidiyo ya yawaita daga shekarun 1980, sai gidajen kallo masu janareta suka kai wa ƙananan garuruwa abin da dā sai an je birni.

Na farko a wurina shi ne Mother India, wanda Mehboob Khan ya shirya a 1957, Nargis ta fito a matsayin Radha. Mutane da dama sukan ce waƙa da rawa ne suka ja Bahaushe ga Indiya. Ni ban yarda wannan ya isa dalili ba, domin a wannan fim abin da ke riƙe mai kallo bashi ne. Surukar Radha ta ranci rufi 500 a wurin Sukhilala don hidimar biki, shi kuwa ya murɗe yarjejeniyar har ya zama kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne kowace kaka. Mijinta ya rasa hannayensa biyu wajen kau da dutse a saura, kunya ta sa ya bar gida, ambaliya ta zo ta share abin da ya rage. To, ina manomin da ke bakin gulbin Zamfara, ko mai lambun albasa a Aliero, da zai nemi tafinta kafin ya gane wannan? Ya san bashin damina, a karɓi dami ɗaya a biya biyu da kaka. Ya san gulbi ya cika ya ci gona. Ya san ɗa irin Birju, wanda zalunci ya mayar ɗan fashi. Da uwar ta harbe ɗan nata saboda ya sace 'yar mutane, ko da 'yar maƙiyinta ce, mutuncin gari take karewa, kuma wannan ma ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Hausa.

Na biyu namu ne, Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976. Tushensa littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan kwaikwayo, kuma Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihun. Labarin sananne ne ga duk wanda ya yi Hausa a makaranta: yaro ɗan Kagara da aka sace, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, aka ƙetare hamada da shi, ya yi karatu ya zama malami, uwarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta, ba su sadu ba sai ajalinta ya kusa. Abin da ya burge ni shi ne fim ɗin ba ya gaggawa. Mutane suna gaisuwa har su gama, suna zama kamar yadda ake zama a zaure, rawani da riga duk yadda muka san su. Ga mutumin Jega kuma akwai ƙarin dalili. Garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajen 1820 ya yi suna ne da kasuwa, mahaɗar fatake masu zuwa Gwanja neman goro, saboda haka ayari da madugu da zango ba tatsuniya ba ne a nan. Kuma duk wanda ya san tarihin manyan kasuwannin ƙarni na 19 ya san ba tufafi da goro kaɗai aka yi ciniki ba. Fim ɗin ya sa mu dubi wannan ɓangare da ba mu cika son ambato ba.

Sai dai ga abin takaici. Mother India bai taɓa ɓacewa daga kasuwanninmu ba, daga majigin silima zuwa kaset, zuwa faifai, zuwa wayar hannu. Shaihu Umar kuwa shekaru masu yawa ana ɗauka ya salwanta, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ce ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Watau Bajamushe ya riga jikan Bahaushe ganinsa garau.

Akwai na uku, wanda ya fi kowanne kusa da mu: fim ɗin Kanta na Kabi, wanda shi dai Adamu Halilu ya shirya a 1978 da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Sakkwato, lokacin da Jega take cikinta, domin sai 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Labarin Muhammadu Kanta ne, wanda ya ɓalle daga Askiya na Sanwai a farkon ƙarni na 16, ya gina Surame, ya kara da Barno. A shiga kasuwar Jega a tambayi masu tura finafinai a waya: za a samu Sholay na 1975, za a samu Sangaya da sauran na Kano da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990, amma da wuya a samu wanda ya taɓa jin an yi fim a kan Kanta. Jihar da take da jami'a a Aliero tun 2006 ba ta rasa inda za ta ajiye kwafinsa, ta kuma nuna wa ɗalibanta ba.