ASUSUN AMANA

asusun amana (suna, namiji, jam'i: asusan amana)

1. Asusu ne na banki wanda ofishin lauyoyi ke buɗewa daban da nasa, domin ajiye dukiyar waɗanda yake wakilta, kamar kuɗin cinikin gida, da diyyar da kotu ta hukunta, da rabon magada kafin a miƙa shi, ta yadda ko da fatara ta afka wa ofishin, haƙƙin mutane ba zai cuɗanya da nasa ba. A Nijeriya ƙa'idojin lissafin lauyoyi na 1964 ne suka wajabta wannan rarrabewa.

Sharaɗinsa shi ne akawu ya buɗe wa kowane mai haƙƙi shafinsa a littafin lissafi, ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita tare da kwanan wata, ya kuma riƙa gwada jimilla da takardar banki. Lauya kuwa ba ya halatta ya biya hayar ofis ko albashin ma'aikata daga ciki, sai dai ya ciri ladan aikinsa bayan ya tabbata. Wanda ya saɓa, ana iya soke sunansa daga rajistar lauyoyi.

2. A wurin malaman fiƙihu, hukuncinsa ya yi kusa da na wadi'a, watau ajiya, wadda mai riƙonta ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ta'adi.

*Misali:* "Ranka ya daɗe, kuɗin gonar suna cikin asusun amana har a sa hannu."

*Duba:* amana, wakili.