Dirki, ƙunshin da Kanawa suka yi wa yanka

Dirki wani ƙunshi ne na fatu da sarakunan Kano na kafin jihadi suka riƙe, ana yanka masa shanu don tsoron kada wata masifa ta sauka a kan sarki da garinsa. Littafin Tarihin Kano ya ce an fara shi a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1582 zuwa 1618, zamanin da Kwararrafa da Katsinawa suka hana birnin sakat da yaƙi.

A lokacin Musulunci ya haura shekara ɗari biyu a Kano, tun zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385). Sai dai yanka don neman tsari ya girmi Musulunci a ƙasar. Tun zamanin matsafi Barbushe ake kai wa gunkin Tsumburbura baƙaƙen dabbobi a gindin Dala, kuma ko bayan an gina masallaci, da Zazzau ta gagari Sarki Kanajeji wurin matsafa ya koma neman sa'a. A irin wannan gari aka naɗe Dirki, fata bisa fata, har ya zama dodon da ba mai tambayar abin da ke cikinsa.

Haka aka yi ta tafiya kusan shekara ɗari biyu, sarki ya gaji sarki, yanka ya gaji yanka, sai ga Muhammadu Alwali, wanda ya hau gado a 1781. Manyan fada suka nemi ya ba da shanu arba'in don Dirki, ya ƙi. Suka tsoratar da shi cewa duk sarkin da ya hana Dirki rabonsa ba ya wanyewa lafiya. Ran Alwali ya ɓaci, ya tura samari da gatura, suka yi ta saran fatun nan har abin da ke ciki ya fito. Alƙur'ani ne, kyakkyawa. Ashe duk jinin da aka zubar shekara da shekaru, a gaban littafin da ya haramta yanka don wanin Allah aka zubar da shi.

Ba a daɗe ba jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804, ya iso ƙasar Kano. Aka fitar da Alwali daga birni, ya nufi Zariya. Masu camfi ba su sha wahalar fassara ba: sarki ya fasa Dirki, sarauta ta fashe masa. Camfi dama haka yake cin kasuwarsa, yana jiran abin da zai faru ko da babu shi, sannan ya ce shi ya jawo. Gaskiyar magana jihadin bai tsaya a Kano ba, ya ci Katsina da Daura da Zazzau da Gobir, inda ba a fasa wani Dirki ba.

Dirki yana da ƙananan 'yan'uwa har yau. Malam ya rubuta aya a takarda ya naɗe, baduku ya ɗinke ta da jar fata, a rataya wa jariri a wuya, mai ita ya girma bai taɓa sanin abin da aka rubuta ba, don an ce in an buɗe laya ta karye.

Shi kuwa Alwali, an kashe shi a Burumburum a 1807, shi ne sarkin ƙarshe a jerin zuriyar Bagauda.